Takwara Ta Ajiye Faifai

Zuwa ga ɗana, Malamin Turanci,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da ƙananan yara. Yaya aiki, yaya ɗalibanka waɗanda kullum nake tausaya wa? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ke riga rediyo sanar da hadari.

Na ɗauki biro ne don in na kira ka a waya, ko kana aji, ko za ka shiga aji, ko yanzu ka fito daga aji. Takarda kuwa ba a katse ta. Na san za ka ga kurakurai, don ni a aji shida na tsaya. Ka haɗiye su, ka karanta har ƙasa.

Maganar Takwara ce, 'yarka ta fari da ka bar mini don ta ƙarasa sakandare lokacin da aka canja maka wurin aiki. Ka san tana buga ƙwallon tebur, ko da yake ban tabbata ka san da wane hannu take bugawa ba. To, akwai wata yarinya ta wata makaranta da muke kira Doguwa, hannunta kamar sandar kaɗo mangwaro. Tun da Takwara ta fara shiga gasa, duk haɗuwarsu sai ta sha kashi a hannun yarinyar nan. Ni na san hawayen da matashin kaina ya sha.

Ranar Asabar da ta wuce suka sake haɗuwa a wasan kusa da na ƙarshe. Na je da kaina. Ka san yadda suke yi? Kashe fanka suke, su rufe tagogi, wai kada iska ta kaɗa musu 'yar ƙwallon, don ba ta fi ƙwan zabo ba kuma ba ta da nauyi. Mutum cike da zaure, gumi har tafin ƙafa. Na yago kwali ina fifita, alƙalin wasa ya aiko a ce mini in daina. Na ce a gaya masa in kwalina zai kayar da Doguwa, da tuni na zo da katifa.

Ba a buƙaci kwalina ba. Takwara ta tsaya kamar an dasa ta, Doguwa ta bugo nan ta tare, ta bugo can ta tare, har doguwar ta fara dukan iska. 'Yarka ta lallasa ta, ta yi mata dukan da ko ni sai da na ji tausayin uwarta. Ina jiran a rugo a rungume ni, ni da na sha zafin nan, sai na ga an wuce ni an nufi jaka. Waya ta ɗauko, bakinta har kunne. Kai ta fara rubuta wa. Da Turanci kuma, don ta san shi ne abincinka. Na leƙa na gani: "Baba, I won her."

Muka shiga motar haya tana riƙe da wayar a cinya kamar jariri. Ko motsi ta yi sai ta duba. Muna ƙofar gida tana kwance igiyar takalmi amsarka ta shigo. Na ga fuskarta ta mutu a gabana. Na ƙwace wayar na sa tabarau. Wai ba a cewa haka. Wai wasa da kofi su ake "win", mutum kuwa "beat" ɗinsa ake yi. Har da misali biyu ka kawo. Na murza sama, na murza ƙasa, ko barka tana ɓoye a wani lungu. Babu.

Don kada in zalunce ka, na tsallaka wurin mai kemis na tambaye shi, shi ma ya yi boko. Ya ce gaskiyarka. To, gaskiyarka. Ka jiƙa ta ka sha.

Yanzu dai ta hau kujera ta jefa abin bugunta, faifan nan mai jan roba, can kan wardrob, ta ce ita da ƙwallo har abada. Wasan ƙarshe kuwa ƙarshen watan nan ne. Na yi lallashi, na yi tsiya, na ce mata tsoro take ji, ko kallo ban ishe ta ba. Kai ka ɓata, kai za ka gyara, tunda gyara ne sana'arka.

Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan yara. Allah ya yi maka albarka duk da haka.

Ni ce tsohuwarka.

*

Zuwa ga Malamin Turanci,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali. Ina fata tarin autanku ya sauka. Kai ban tambayi lafiyarka ba, don wanda ya iya aiko abin da ka aiko lafiyarsa ƙalau.

Direba ya kawo saƙo. Da na ga ƙunshi mai nauyi a takarda mai ƙyalli, har na ce a raina ashe yaron nan yana jin magana. Na kira Takwara daga ɗaki, na ce fito ubanki ya tuba. Ta fito tana jan ƙafa, amma na ga idonta. Ta yage takardar, sai ga littafin nahawun Turanci mai bango kamar ƙyauren shago. Ka naɗe kusurwar shafi guda don kada ta sha wahalar nema, ka ja layi a ƙarƙashin maganar da jan biro. A ciki ga 'yar takarda: wai ka yi murna ƙwarai, amma.

Wannan "amma" ɗin, ɗana, da ita aka haife ka? Ni dai ban ga lokacin da ta fito ba.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ajiye littafin a kan teburin cin abinci a hankali, ta ce in gaya maka ta gode, ta koma ɗaki. Tun ranar, in na yi mata magana sai to, sai a'a. Da can in ta dawo makaranta har sai na toshe kunne, ta ba ni labarin wa aka kora, wa ya yi barci a aji, da Hausa da Turanci a cakuɗe. Yanzu gidan tsit, har agogon bango nake ji.

Ni ce na san asalin ciwon nan. Kana aji ɗaya na sakandare ka tsaya gaban shagon agogon marigayi ubanka, ka dubi allon da ya biya aka rubuta masa yana alfahari da shi, ka ce akwai harafin da ya yi yawa. A gaban abokansa. Ya yi dariya ya ce ga boko ya fara biya, amma ni na ga yadda ya yi ta goge agogo ɗaya har la'asar. Maiɗakinka kuma, baiwar Allah, ta taɓa gaya mini wasiƙar farko da ta rubuta maka kuna neman aure, ka mayar mata da ita da gyara a gefe. Na ce da ita, 'yar nan, da ni ce da na auri direban da ya kawo ta. Manya sun iya shanyewa. Wannan kuwa yarinya ce, kuma babu wanda take son burgewa a duniya sai kai, abin da har yau ya fi ƙarfin fahimtata.

Jiya kocinsu ya zo, wani gajere da ba ya rabuwa da usur a wuya ko a falon mutane. Na ba shi shayi, ya sha, ya ƙara, yarinya ta ƙi fitowa. Ya ɗaga murya don ta ji ta cikin ƙofa, ya ce in ba ta dawo atisaye cikin makon nan ba, dole ya sanar da masu gasa ta janye. Ka san wa za a ɗauka a madadinta? Doguwa. Wadda aka kayar ita za ta tsaya a wasan ƙarshe, wadda ta kayar da ita tana ɗaki tana kallon silin. In akwai kalmar Turanci ta wannan, ka duba littafinka ka aiko mini, ni a Hausa sunansa aikin banza.

Na ji ka kira ta ba ta ɗauka ba, ka kira ni kana cewa ai don amfaninta ka yi, jarrabawa na tafe. Jarrabawa na tafe tun ranar da aka yanke mata cibiya. Ranar kayar da Doguwa kuwa guda ce, ta zo ta wuce, ka cinye ta da misali biyu.

Kada ka sake aiko komai. In ka ji hannunka na ƙaiƙayi, ka zauna a kansa. Zan gwada tawa dabarar, ta marasa ilimi.

A gaida mutanen gida. Allah ya shirya mini kai.

Mahaifiyarka, wadda ranta ke ɓace.

*

Zuwa ga ɗana,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku baki ɗaya. Ni dai kafaɗata ta dama ba tawa ba ce yau, kuma kai ne sanadi, za ka ji.

Littafinka ya yi amfani, na janye rabin abin da na faɗa a kansa. Shekaranjiya da rana na jawo teburin cin abinci na manna shi da bango, na jera gwangwanayen madara a tsakiya a matsayin raga. Na lalubo 'yar ƙwallo a aljihun jakarta. Faifai yana kan wardrob, ni kuwa ba mai hawa kujera ba ce, sai na ɗauki nahawun Turanci da hannu biyu. Bangonsa kamar don haka aka yi shi.

Na fara: ƙwas, ƙwas, ƙwallo ta shige ƙarƙashin firiji. Na zaƙulo ta da tsintsiya, na sake. Ta faɗa cikin kofin shayi. Na sake. Ina yi ina yabon kaina da ƙarfi, ina cewa ashe abin ba wuya, ashe yara ke kambama shi, in koci ya rasa mai bugawa ga ni. Tana ɗaki wai tana karatu. Na san 'yar gidana: za ta iya jure yunwa, za ta iya jure faɗa, amma ba za ta iya jin ana wulaƙanta ƙwallo a falonta ba.

Da na fasa gilashin hoton bikinku, sai ga ta a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Ta ce Kaka, don Allah mene ne haka. Na ce atisaye. Ta ce ba da littafi ake yi ba. Na ce wanda ubanki ya aiko ke nan, da shi za mu yi. Ta yi tsaki, ta hau kujera, ta sauko da faifan, ta busa ƙurarsa, wai don ta nuna mini kawai.

Daga nan na shiga uku. Ba haka ake riƙewa ba, Kaka. Ki sassauta yatsa. Ki durƙusa kaɗan. Ni da gwiwar nan. Sau nawa zan faɗa miki, Kaka. Ta janye teburin daga bango ta koma ɗaya gefen da murfin tukunya, tana turo mini ƙwallo a hankali ina dukan iska. Can Allah ya taimake ni na same ta, ta tsallake gwangwanaye ta sauka a gefenta tsaf. Karo na farko tun da uwata ta haife ni. Na ɗaga kai ina jiran a yaba, sai na ji wai ƙafata ta hagu ba a daidai take ba.

Na ajiye faifan na zauna. Na ce, Takwara, tsohuwa ta mayar da ƙwallo yau a duniya, abin da za ta samu ke nan? Na ce ashe abin a jini yake, na ɗauka a kan mutum ɗaya ya tsaya. Ta dube ni. Sai ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta kifa kai a cinyata ta yi mai isarta. Ban ce mata ka yi daidai ba, don ba ka yi ba. Na dai ce mata mutanen gidanmu in suna son abu ba su iya barinsa a karkace, kuma ciwo ne, a yi musu addu'a.

Jiya da sassafe na ji ana neman safa. Ta koma atisaye, koci har da kirana yana godiya kamar na ba shi kujerar mulki.

Kada ka yi saurin murna. Ta kafa sharaɗi. Ta ce za ta buga don kanta da ni, amma kada ka zo, kada ka san ranar, kuma ko ta ci ko ba ta ci ba, ba za ta rubuta maka ba. Ta ce in kana wurin, kunnenta zai koma kanka, ta riƙa jiran me ta yi ba daidai ba. Ka karanta wannan layin sau biyu. Yarinyar da ta wuce ni a guje don ta ba ka labari, yau ita ke roƙon a ɓoye maka rana.

Ta sa na yi alkawarin ba zan kira ka ba, kuma ban kira ba. Asabar ta ƙarshen wata ce, da hantsi, a babban zauren wasanni na bayan asibiti. In ka zo, ka zauna can baya inda ba za ta gan ka ba. Ka bar jakarka a gida, ka bar biro, in da hali ka bar bakin ma. In kuma ba ka zo ba, ba zan ce komai ba, ka san kuwa yadda rashin cewa komai nawa yake.

Gaisuwa ga maiɗakinka. Ka ce mata hoton bikinku na nan lafiya, gilashin ne kawai, kuma ka fi kyau a haka.

Tsohuwarka mai ciwon kafaɗa.

*

Zuwa ga 'yata, uwar Takwara,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya hidima, yaya haƙuri da mutumin naki? Allah ya ba ki lada, don ni na haife shi amma ke kike fama.

Ke na rubuta wa yau, don na san in ya dawo zai ba ki labarin a gyare, ya cire inda ya ji kunya. Ga yadda aka yi.

Ya zo. Na hango shi can layin baya, bayan ginshiƙi, ya ja hula har gira kamar wanda ya gudo daga asibitin da ke gaba. Ya sa kwat a zauren da aka kashe fanka. Na yi kamar ban san shi ba.

Wadda Takwara ta haɗu da ita wata 'yar firit ce, bahaguwa, ba ta dariya ba ta gumi. Wasa ya yi zafi, wannan ta ci, waccan ta rama. To, ashe mijinki, da duk digirinsa, bai san yadda ake ƙirga maki ba. Shi a ganinsa duk wanda ya buga da ƙarfi shi ya ci. Takwara ta kai wani duka kamar za ta fasa tebur, ƙwallo ta wuce waje, maki ya tafi ga bahaguwa. Ɓangarenmu kowa ya yi tsit. Sai aka ji mutum ɗaya tak a baya yana tafi iya ƙarfinsa, har da miƙewa. Duk zaure ya waiwaya. Koci ya tambaye ni ko uban bahaguwar ne. Na ce ban san shi ba, wataƙila mai gyaran fanka ne.

Ita ma ta waiwaya, ta gan shi. Na ce shi ke nan, ya sake kashe mu. Ta tsaya da ƙwallo a hannu tana kallonsa, shi kuma ya sandare da hannuwa a sama, ya gane ya yi ɓarna amma bai san wace iri ba. Sai na ga ta sa faifai ta rufe baki. Dariya take yi. Ta juya ta ci maki uku a jere. Bayan haka ya koyi dabara: sai ya leƙo ya ga na tafa, sannan ya tafa. Ni da aji shida, yau ni ake kwafa.

Ba ta ci kofin ba, 'yata. Bahaguwar ta fi ta, da kaɗan, amma ta fi ta. Aka rataya mata lambar azurfa ta na biyu. Tana saukowa ya taho, kwat ya jiƙe sharkaf. Na matso kusa da jakata a hannu, na rantse in na ji "amma" zan sauke masa ita a ka a gaban jama'a. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Can ya ce, da Hausa, shi fa bai gane wasan nan ba ko kaɗan, amma bai taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba, ko za ta daure ta gaya masa me ya sa wancan dukan bai ci ba. Wannan "amma" ɗin na yafe masa ita.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce doguwar magana ce. Ya ce motarsa sai la'asar.

To, nan ne inda raina ya ɓaci, kuma ke zan kai wa ƙara. Suka zauna a kan benci a waje, tana zana masa tebur a ƙasa da tsinke, tana yi da Hausa da Turanci yadda ya zo bakinta, shi kuwa ya ƙura mata ido yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ni fa? An bar ni da jaka, da gorar ruwa, da tawul mai gumi, kamar 'yar dako. Ni da na sha zafi, na karya kafaɗa, na yi rarrafe a ƙarƙashin firiji. Ko a ce Kaka zo ki zauna. Sai da na yi tari sau uku aka matsa mini gefen benci.

Ba a nan ta tsaya ba. Tun muna zaure na riga na zaɓi ƙusar da zan rataye lambar nan a falo, inda duk mai shigowa zai gani, har na shirya abin da zan gaya wa mai kemis. Muka raka shi tasha, yana sa ƙafa a mota, sai yarinyar nan ta cire ta daga wuya ta cusa masa a aljihun kwat. Wai ya riƙe mata, in an yi hutu za ta zo ta karɓa. Ya shige mota yana share fuska wai gumi ne. Na ce mata ni kuma a ba ni me? Ta ce ai ni ina da ita kanta. Kin ji rainin wayo.

Don haka ki duba aljihun kwat ɗin nan kafin ki kai wanki. Ki gyara mata gado, ki ƙara shinkafa, don ci take kamar fara. In hutu ya ƙare a dawo mini da ita da lambar tare, in ba haka ba ni ma zan haɗo kayana in zo, ku san inda za ku sa ni.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya yi muku albarka, har da shi.

Ni ce uwarku, Kakar Takwara.